Faifai Biyu a Wuyan Baba

Kwamfutar ta zo hannuna ne a shekarun da gwamnati ta hana shigo da alkama, lokacin da kowa a ƙasar Kura ya duƙufa noman rani. Ni malamin gona ne a aikin ruwa, ina zaune a kwatas ɗin ma'aikata inda ake samun lantarki. Wani Baturen injiniya da muka yi aiki tare ya tashi komawa ƙasarsu, ya ce ba zai iya jidar wannan jibgegen abu ba, ya sallama mini. Akwati ce ruwan toka, da allo mai koren rubutu, in ka kunna ta sai ta gama gurnaninta kafin ta kula ka. In ka cire ta ofis, ban san wani mai ita a ɗakinsa ba a duk yankin. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har tela na sa ya ɗinka mata abin rufa.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Bunkure. Baba ya san ƙasar nan tun kafin ruwan dam ya iso. A gabansa katafila ta tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya, ta baje tudu, ta cike kwari, aka yanka ƙasa fala-fala, aka ba kowane yanki lamba, aka sake rabawa. Ba a cuce mu ba, gaskiya. Mun samu gona, mun samu ruwa rani da damina, mun ci tumatir mun ci alkama. Amma tsohuwar unguwarmu ta shafe kamar ba a taɓa yin ta ba. Sa'o'in Baba suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama shi kaɗai ne zai tsaya a bakin kanal ya nuna da sanda ya ce nan rijiya take, can maƙera, can kuma gonar su wane. A zamanin da, akan binne mutum a bayan gidansu. Mahaifiyar Baba, kakata da ban taɓa gani ba, tana kwance a wani wuri ƙarƙashin shinkafar wani bawan Allah, kuma Baba kaɗai ya san wurin.

Ni na matsa masa ya faɗa mini komai in rubuta. Da farko na kawo rikoda, ya harare ni ya ce shi ba mawaƙi ba ne. Amma kwamfuta ta burge shi, don ya ga magana tana fita daga bakinsa tana jeruwa a allo. Ya sa mata suna magatakarda. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a Kura sai in goya shi a babur zuwa kwatas. Ba ya hawa kujera, tabarma yake so, ya jingina da bango ya ɓantari goro ya ce, “To, tashi magatakardan naka.” Sai ya yi ta zuba har la'asar, ni kuwa yatsu biyu ina ta ƙwanƙwasa. In na ce ya dakata in kamo shi sai ya ce, “Haba, duk bokon naka tsoho ya fi ka gudu?” Haka muka yi kusan shekara biyu. Kowace Juma'a da nata babin, ina ajiyewa daban da ɗan gajeren suna.

Maganar kabarin sau ɗaya ya yi ta. Ranar bai ci goro ba. Ya faɗi daga wace ƙofar ruwa ake farawa, taku nawa za a yi, ta ina za a juya, inda rijiya take a da, da inda ɗorawar take, wadda aka binne kakata a gindinta. Da ya gama ya ce, “Ka rubuta?”

Na ce, “Na rubuta, Baba.”

Ya ce, “To na sauke. Yanzu amanar tana hannunka.”

Ga abin da nake jin kunyar faɗa har yau. Ban saurara ba. Kunnena ya ji, yatsuna sun buga, amma hankalina yana kan kada in yi kuskuren harafi. Me zai sa in wahalar da kaina da riƙewa, ga injin da ba ya mantuwa? Da ya fita daga ɗakin, da ka tambaye ni taku nawa ne, wallahi ba zan iya faɗa maka ba.

Ana girbin alkama Baba ya faɗi a zaure. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Mun kai shi asibiti a birni, suka yi abin da za su iya, suka ce mu koma gida mu kula da shi. Hankalinsa garau, yana gane kowa, yana jin duk abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti kawai. Duk lokacin da na shigo sai ya ɗaga hannun hagu yana kaɗa yatsu a iska kamar mai buga madannai. Na gane. Na ce, “Zan kawo maka, Baba. Littafi guda zan yi maka, da bango, in karanta maka daga farko har ƙarshe.”

Nan matsalar ta taso. Na tashi haɗa babobin su zama abu ɗaya, in sa lambar shafi, in saka taswirar da na zana, sai kwamfuta ta ce ƙwaƙwalwarta ba ta isa ba. Na sake, ta sake faɗa. Na rage taswira, ta ƙi. Raina ya ɓaci, na kai mata mari a gefe, hannuna ne ya ji jiki. Washegari na je wurin abokin aikina, wani ɗan Filato mai kula da kwamfutar ofis, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya ko coci zai makara. Ya yi mini bayani. Ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da injin tsohuwa ce, akwai iyakar da take gani, ko ka ƙara mata ƙwaƙwalwa ba za ta san ka ƙara ba. Sai an saka katin ƙari a cikin akwatin, sannan a sauya manhajar da sabuwa wadda ta san hanyar shiga wurin. Ya ce yana da sabuwar, katin kuma ana samu a Kano.

Sannan ya ce, “Amma Oga, ka kawo babobin nan mu buga su a takarda tukuna, yadda suke. Injin ofis yana nan. In ya so daga baya ka yi gyaranka.”

Na ce, “A warwatse? Ba lamba ba taswira? Kamar takardun ƙunshe ƙosai? Ai na yi wa tsoho alkawarin littafi.”

Ya ce, “Takarda dai takarda ce, Oga.”

Na ce ya bar ni da abina. Kai, girman kai bai yi ba! Yini ɗaya ne fa kawai zai ci mana. Da ya ga ba zan ji ba sai ya ce to lallai in kwafe komai a faifai kafin in taɓa injin, kuma kada in ajiye kwafin a ɗaki ɗaya da ita. Wannan dai na ji. Na kwafe a faifai biyu, irin na wancan zamani, baƙaƙe masu faɗin tafin hannu, masu laushi, in ka riƙe gefe sai su ranƙwafa. Na duba, komai ya shiga.

Ina zan kai su? A gidanmu duk wata takarda mai daraja wurin Inna take. Takardar gona, satifiket ɗina na firamare har na kwaleji, duk suna cikin adakarta, an naɗe da tsumma, gara ba ta taɓa kusantarsu ba. Sai dai ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ma doguwar magana. In tana da saƙo sai ta faɗa wa bango ko ta aiko ƙanwata. Haka muka tashi, ban taɓa ganin abin a matsayin rashi ba. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa daga nesa na ajiye faifan a bakin tabarma na ce, “Inna, maganar Baba ce duka a cikin nan. Duk abin da ya faɗa. A adana mini.”

Ta dakata da tankaɗen. Ba ta dube ni ba, faifan ta duba. Ta ce, “Maganarsa?”

Na ce, “Duka.”

Ta ce, “To.”

Iyakar abin da muka yi ke nan. Ban ce kada a lanƙwasa ba, ban ce kada a huda ba. Ita ma tana da tambaya a bakinta, na gani, amma ba ɗan fari ake tsarewa da tambaya ba. Na hau babur na tafi.

Sai da na yi zuwa Kano biyu kafin katin ya samu, kwana tara suka wuce. Ranar Asabar da hantsi ɗan Filato ya zo kwatas da sukudireba. Muka buɗe akwatin, ya cusa katin, muka rufe. Muka fara saka sabuwar manhajar, faifai bayan faifai. Can sai ta yi tambaya. Ma'ajiyar cikin injin a rabe take gida biyu, don tsohuwar manhaja ba ta iya riƙe babba. Sabuwar ta ce tana iya haɗe su su zama ɗaya, amma duk abin da ke ciki zai goge. Ɗan Filato ya ce ba dole ba ne, abin da muka zo yi bai shafi wannan ba. Na ce tunda ana gyara a yi mai gaba ɗaya mana.

Ya ce, “Kwafin yana nan?”

Na ce, “Yana inda ko ɓera bai isa ba.”

Ta sake tambaya ko na tabbata. Ni da yatsana na danna. Muka zauna muna shan shayi tana ta ƙirga abinta. Da ta gama ta tashi, ta nuna ƙwaƙwalwar da take gani yanzu, ninkin ta da. Na yi tafi kamar yaro. Na ce masa ya jira ni, yanzu zan ɗauko faifan in dawo.

Na tarar da Inna a madafa. Na gaishe ta na ce na zo karɓar ajiyata. Ta gyara itace, sannan ta ce, ba da ni take ba, da murhu take, “Ai suna jikin Malam.”

Ban gane ba. Na shiga ɗakin Baba, yana barcin rana. A ƙirjinsa ga wata sabuwar laya, jar fata, ƙatuwa, da igiya a wuyansa. Na tsaya ina kallonta. Na sa hannu na taɓa, na ji taurinta.

Na fito na ce, “Inna, me aka yi wa faifan?”

Ta ce, “An ce maganarsa tana ciki. Shi kuma ga shi babu maganar. Na kai wa baduku ya ninke ya ɗinke, na ce a rataya masa, ko Allah zai sa ta koma inda ta fito.”

An ninke su gida huɗu. An daddanna da guduma don su kwanta. An bi gefe da basilla. Ita a saninta, haka ake yi wa rubutu mai daraja, kuma ba ta san wata daraja da ta wuce wannan ba.

Na ɗaga mata murya. Ni, a tsakar gidanmu, na ɗaga wa Inna murya. Na ce, “Wa ya ce a taɓa? Ajiya na ce! Shekara biyu, Inna! Kin san abin da kika yi kuwa?” Ban san iyakar abin da na faɗa ba. Ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. A ranar ne kaɗai a rayuwata ta ɗago ta dubi tsakiyar idona, sau ɗaya, kafin ta rufe fuskar. Na gwammace da mari ta yi mini.

Na lallaɓa na zare layar daga wuyan Baba bai farka ba. Da na koma kwatas, ɗan Filato ya farke ɗinkin da reza a hankali. Ya fito da baƙin zagayen da ke cikin kowanne, ya shimfiɗa, muka danne da littattafai kwana biyu, ya sa su a sabuwar rigar faifai. Na farko injin ya yi ta kakari ya tofar. Na biyu ya buɗe jerin sunaye. Na gan su da idona a koren allo, suna nan a jere: RIJIYA, MAƘERA, YUNWA, KATAFILA, KAKA. Duk wanda muka taɓa sai ta ce ba ta iya karantawa. KAKA mun gwada shi ya fi sau ashirin. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce, “Oga, sai haƙuri.” Bai ce ai na faɗa maka ba. Allah ya saka masa, da ya faɗa ɗin ma da gaskiyarsa.

Na mayar wa baduku ya sake ɗinkewa, na kai na rataya wa Baba. Inna ta ce tun da aka cire yake lalube a ƙirjinsa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri. Ta ce, “Ba komai.” Da ni da ita mun san da komai.

Sai na yi wata dabara ta wauta. Na zauna gaban kwamfutar, ga wuri fal yanzu, ko littafi goma ne za ta ɗauka ba ta yi ƙorafi ba, na fara rubuta abin da na tuna. Na zaci zai zubo. Ina! Guntu-guntu ne. Na tuna dariyarsa, na tuna inda ya tsaya ya yi tari, na tuna ranar da aka ɗauke wuta ya ce magatakarda ya suma. Amma wane ne ya haƙa rijiyar, gonar wa ke gabas da ta wa, duk sun bi iska. Na tattara abin da na samu, na cike gurbi da ƙiyasi, muka buga a ofis. Shafi goma sha ɗaya. Na sa masa bango mai kauri don ya yi auki.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je. Aka jingina Baba da matashi. Da ya ga littafi a hannuna idonsa ya yi haske, ɓarin bakinsa mai rai ya yi murmushi. Inna ta zauna a bakin ƙofa daga waje, ta ba mu baya, amma na san tana ji. Na fara karantawa. Shafin farko ya gyaɗa kai. Na biyu ya ɗan yamutsa fuska ya ƙyale. Ina karantawa a hankali, ina jan kowace kalma don kada ya ƙare da wuri. Har na iso kan kabarin.

Na karanta cewa ɗorawar tana gabas da rijiya.

Ya bugi tabarma da hannun hagu.

Na ce, “Au, yamma ne. Kuskuren bugu ne, Baba.”

Ya sake bugawa, da ƙarfi. Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, sautin nan ya fito, ya sake fitowa. Yana faɗa mini. Wallahi yana faɗa mini, kalmar tana nan a bayan harshensa, ni kuma ina durƙushe kamar gunki. Na ce kudu? Na ce arewa? Na rasa wanne yake bugawa don a'a, wanne don gajiya. Yawu ya zubo masa, na goge da hannun rigata.

Sai ya miƙo hannu. Na ba shi littafin. Baba bai iya karatun boko ba, amma mutum ne da ya shekara sittin yana auna iri a tafin hannunsa. Ya ɗora littafin a tafinsa ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya sa babban yatsa ya tura bangon, ya matsa takardun da ke tsakani. Sannan ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce. Ya daɗe yana kallona. Ya ajiye littafin a gefe a hankali, ya kai hannu ya dafe layar da ke ƙirjinsa, ya juya fuska bango.

Na ce, “Baba, ni ne. Ba Inna ba ce. Ni na goge.”

Bai juyo ba. Daga bakin ƙofa na ji Inna ta tashi ta bar wurin.

Na yi niyyar in ɗauke shi a mota in kai shi bakin kanal ya nuna da hannu, ina jira ya ɗan ji ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa, wata Talata da walaha. Masu wanka suka cire layar suka miƙa wa Inna. Bayan ta fita takaba ta aiko ƙanwata da ita a ƙunshe cikin tsumma, ba saƙon komai. Ita ma ta bi shi bayan shekara huɗu, kuma har ta koma ga Allah ba mu sake tayar da maganar ba. Allah ya jiƙansu, ya yafe mini.

Kwamfutar ta yi mini aiki shekaru bayan haka, jadawalin ban ruwa da rahoton taki, ba ta sake cewa wuri bai isa ba ko sau ɗaya. Layar tana cikin adakar Inna da na gada, tare da satifiket ɗina. Jikokina sun ce yanzu akwai masu iya ciro abu daga faifan da ya lalace. Na ce su bar ta a ɗinke.

Nakan je wurin in an yanke shinkafa. Ƙofofin ruwa uku ne a wannan layin, ban san ta wacce ake farawa ba. Sai in ajiye babur a ta tsakiya, in tsaya a kan gaɓar kanal, ga fili shimfiɗe har iyakar gani, ba bishiya ko ɗaya. In fuskanci gabas in yi wa kakata addu'a, in juya kudu in yi, in juya yamma, in juya arewa. Masu ban ruwa sun saba ganina, sun daina tambaya.